Ƙarafa uku a gwiwar hannun Auta: abin da na gani a sashen ƙashin yara

Ni kafinta ne, shekarata 22 ina haɗa katako da katako. Idan aka nuna mini abu biyu da aka haɗa, idona yakan gaya mini ko haɗin ya zauna ko bai zauna ba, amma ban taɓa zaton wannan idon zai yi mini rana a gaban hoton ƙashin 'yata ba. Wata biyar ke nan da Auta, 'yar shekara 6, ta karye a gwiwar hannunta na hagu, aka yi mata aiki a sashen ƙashin yara na wani babban asibiti. Ba zan kama sunan asibitin ba. Akwai abin yabo, akwai na ƙorafi, kuma ba na son ƙorafin ya faɗa kan wata nas guda wadda wataƙila ita ma umarni take bi.

Ranar Talata ce da la'asar. Tana wasa a ƙarafan nan da yara ke rataya suna tsallakawa daga wannan zuwa wancan, hannunta ya suɓuce, ta faɗo ta dogara da tafin hannu, gwiwar a miƙe. Daga baya likita ya ce mini kusan duk yaran da ake kawo masa da wannan karayar haka suka faɗi, kuma ita ce karayar gwiwar hannu da ta fi yawa a yara, musamman 'yan shekara 5 zuwa 7. Ƙashin damtse, can ƙasa dab da gwiwa, yana da wani wuri da ya yi faɗi ya yi fale-fale, da rami ta gaba da rami ta baya. In yaro ya faɗi da hannu a miƙe, sai kan ƙashin da ke bayan gwiwa ya doki wannan wurin kamar guduma. Da na iso na ga hannun, ban tsaya tambayar ko targaɗe ne ba. Hannu ne mai kama da gwiwa biyu, gaban ya yi baƙin jini, ita kuwa ta riƙe shi da ɗaya hannun ta ƙi barin kowa ya matso.

Karɓar farko ba laifi. Nas ɗin da ke bakin sashen gaggawa tana ganin hannun ta fitar da mu daga layi, ta sa aka ba mu gado, ta tallafe hannun da matashi ba tare da ta yi ƙoƙarin miƙar da shi ba. Daga nan kuma abu ya tsaya cak. Minti hamsin muka yi yarinya tana kuka har muryarta ta dushe, ba a ba ta maganin rage zafi ba, wai sai likita ya rubuta, likitan kuma yana kan wani. Na je sau uku. A na ukun ne wata ta ce mini, “Malam, ka yi haƙuri, ba kai kaɗai ba ne.” Na san ba ni kaɗai ba ne. Amma asibitin da ya san irin wannan karayar tana zuwa masa kullum bai kamata a ce maganin zafin yaro yana jiran alƙalamin mutum guda ba.

Likitan da ya zo saurayi ne, da gani bai daɗe da fara aiki ba, na ma ɗan raina shi a zuciyata. Bai taɓa gwiwar ba sam. Ya durƙusa ya zo daidai da fuskarta ya ce, “'Yan mata, zo mu yi wasa. Dunƙule hannu kamar dutse. Yawwa. Buɗe shi kamar takarda. To yi mini almakashi da yatsu biyu. Saura ɗaya, haɗa babban yatsa da manuniya ki yi mini zobe.” Ta yi ukun farko tana shessheka. Na huɗun ta yi wani abu dai, ya ce ta sake, ta sake, ya ce madalla, ya duba agogo ya yi rubutu a fayil. Sannan ya ɗora yatsunsa a wuyan hannunta yana neman bugun jini, ya danna farcenta har ya yi fari ya saki, jan ya dawo nan take. Ni ina tsaye ina cika ina batsewa, a raina ina cewa ƙashi ya karye shi kuma wasa yake yi. Ashe wannan wasan shi ne gwajin jijiyoyi uku da ke ratsa gwiwa suna motsa yatsu, kowace alama da jijiyar da take nunawa. Ku riƙe maganar zoben nan, zan dawo kanta.

Mai ɗaukar hoton ƙashi ya burge ni. Hoto biyu ake buƙata, na gaba da na gefe, kuma maimakon ya murɗa hannun yarinya ya dace da na'ura, sai ya juya na'urar ta dace da hannun. Da aka ɗora hoton a allo na rikice, don na ga wasu 'yan dunƙule-dunƙule suna yawo a gefen ƙashi kamar ɓaraguzai, na ɗauka ƙashin ya farfashe. Aka ce a'a. Gwiwar yaro yawancinta guringuntsi ce, ba ta fitowa a hoto, kuma akwai wurare shida da ke zama ƙashi ɗaya bayan ɗaya, daga wajen shekara 1 har zuwa wajen shekara 11. Abin da na ɗauka ɓaraguzai, ƙashi ne yake tsirowa. Karayar gaskiya tana sama da su, kuma wannan ba sai an nuna mini ba: guntun ƙasa ya rabu da na sama gaba ɗaya ya koma baya. Suka sa mata rabin filasta ta bayan hannu, gwiwar a ɗan lanƙwashe kaɗan, suka naɗe da bandeji sako-sako.

Babban likitan ƙashi bai zo ba sai wajen ƙarfe tara na dare. Mutum ne mara yawan magana, amma da na ce masa ni kafinta ne sai ya jawo takarda ya yi mini zane. Ya ce wani likita ɗan Amurka mai suna Gartland ya kasa wannan karayar gida uku a 1959, kuma har yau da rabonsa ake aiki, sai dai an ƙara na huɗu daga baya. Gida na ɗaya, ƙashi ya tsage amma bai goce ba, filasta kawai ya isa. Na biyu, ya buɗe ta gaba amma bayan yana riƙe, kamar ƙofar da hinjinta bai cire ba. Na uku, babu abin da ke riƙe da komai. “'Yarka a na uku take. Filasta ba zai riƙe wannan ba. Za mu sa ta barci, mu ja hannun mu mayar da ƙashin mazauninsa, mu kafe shi da siraran ƙarafa. Da safe.”

Kalmar “da safe” ce ta tayar mini da hankali. Na ce, “Ranka ya daɗe, hannun nan a haka zai kwana?” Ya ce in zo in gani. Ya sa yatsana a wuyan hannunta na ji bugun, ya nuna mini farcen, ya nuna mini fatar gaban gwiwa cewa ta yi baƙi amma ƙashi bai tokare ta har ta lotsa ba. Ya ce abu uku ne ke sa su shiga tiyata ko da tsakar dare ne: bugun jini ya ɓace, ko hannu ya yi sanyi ya koɗe, ko ƙashi ya nemi huda fata. In babu ko ɗaya, aikin da aka yi da safe da ma'aikatan da suka yi barci ba ya kasa na dare kyau, kuma ƙa'idar ƙungiyar likitocin ƙashi ta Birtaniya ma ba ta ce dole a yi aikin dare ba sai da irin waɗannan dalilan. “Amma in ɗaya ya canza, ko ƙarfe uku ne, a tashe ni.” Ban gamsu ba a lokacin. Yanzu na yarda, don na ga cewa jiran ba na sakaci ba ne, an sa wa hannun ido.

Wadda ta sa masa idon ita ce nas ɗin dare, kuma in da za a ce in zaɓi mutum ɗaya a asibitin nan in yi masa godiya, ita ce. Kowace awa tana zuwa da 'yar tocila. Ta taɓa yatsun ta ji ɗuminsu, ta danna farce, ta nemi bugu, ta ɗan miƙar da yatsun a hankali tana kallon fuskar yarinya, ta rubuta. Wajen ƙarfe biyu na ce, “Sista, ki bar ta ta yi barci mana.” Ba ta ji haushi ba. Ta ja kujera ta ce babbar jijiyar jinin hannu ta gaban gwiwa take wucewa, daidai inda bakin karyayyen ƙashin yake. Kumburi kuma in ya yi yawa a naman da ke tsakanin gwiwa da wuyan hannu, babu inda zai je, sai ya matse hanyar jini, naman ya mutu cikin 'yan awoyi, hannu ya ƙanƙance yatsu su lanƙwashe har abada. Wani likitan Jamus mai suna Volkmann ne ya bayyana wannan tun 1881, da sunansa ma ake kiran nakasar. Ta ce babba zai ce maka hannunsa ya yi dindiris, yaro kuwa ba ya iya faɗa, sai dai ka lura: tsoro ya ƙaru, ya kasa kwanciya wuri ɗaya, maganin da ya kwantar da shi ɗazu yanzu ba ya yi masa. Wannan bayanin na minti biyar da ta yi mini a duhu, shi ne ya fi duk takardun da asibitin ya ba ni amfani.

Safiya kuwa ta zo da shirme. An ce kada ta ci kada ta sha komai daga sha biyun dare, za a shiga da ita ƙarfe takwas. Takwas ta wuce, tara, goma, babu wanda ya leƙo ya ce ga dalili. Leɓen yarinya ya bushe, tana cewa, “Baba, ruwa kawai, kaɗan.” Sai sha ɗaya da rabi aka zo, ashe wani mai haɗari aka shigar gabanmu. Wannan ban yi musu da shi ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne da likitar sa barci ta ji labari ta ce abinci ne ake dainawa awa shida kafin aiki, ruwa zalla kuwa da an ba ta har zuwa awa biyu kafin a shiga. Wato ƙishirwar da ta sha ta banza ce, saƙo ne bai taso daga ɗakin tiyata ya iso ɗakin kwanciya ba. Takardar amincewa ma a tsaye aka karanta mini ita, da sauri kamar ana kora, na sa hannu ban riƙe rabin abin da aka ce ba.

Aikin bai kai awa ɗaya ba. Ba a yanka ta ba, wannan shi ne abin da ya fara ba ni mamaki. Suna da na'urar hoto mai siffar baka a cikin ɗakin tiyata, likita yana jan hannun yana kallon ƙashin a allo har ya koma wurinsa, sannan ya tura ƙarafan ta cikin fata da injin huda. Ya ce da ƙashin ya ƙi komawa, ko nama ya shiga tsakani, dole su buɗe, amma nata ya koma a ja na biyu. Ƙarafan sirara ne kamar ƙarfen tayar keke, ana kiransu da sunan Kirschner, likitan Jamus da ya fara amfani da irinsu a 1909.

A nan ne na ga aikin gwani. Babban likitan ya miƙo mini hoton da suka buga, ƙarafa uku, duka ta gefen waje suka shiga, amma ba a jere suke ba. Sun taso kusa da juna suka buɗe kamar yatsun kaza, kowanne ya ratsa layin karayar a wuri daban ya je ya kama bangon ƙashi na can ƙetare. Na ce, “Likita, don kada ya juya ne ko?” Ya ɗago ya dube ni, karo na farko da na ga ya yi murmushi. Duk yaron shagona ya san in ka buga ƙusa biyu dab da juna a kan falanki, kamar guda ɗaya ka buga, falankin zai riƙa juyawa a kansu. Sai ka ware su, kuma kowace ta ci katakon ƙasa sosai. Na tambaye shi me ya hana ya sa ɗaya ta ciki ɗaya ta waje su gitta, don a aikina wannan ya fi ƙarfi. Ya ce ana yin haka, wani lokacin ma dole ne in karayar ta ƙi zama, amma ta gefen ciki akwai jijiyar nan da in ka bugi gwiwa a bakin tebur kake jin kamar wuta ta ja ka har ƙaramin yatsa. Ƙarfe yana iya taɓa ta. Tunda uku ta waje sun riƙe, ya gwada a allo bai ga motsi ba, bai ga dalilin kusantar ta ba.

Sannan ya ɗora biro a hoton gefe, ya bi gaban ƙashin damtse ya gangaro, layin ya ratsa ta tsakiyar wani ɗan dunƙulen ƙashi mai kama da ƙwallo. Ya ce da wannan layin suke sanin ƙashi ya zauna daidai. Na ce ai yaro ne, ko ya ɗan karkace ba zai miƙe da kansa ba? Ya ce wannan maganar gaskiya ce a kusa da kafaɗa da kuma wuyan hannu, amma ban da gwiwa. Wajen kashi 20 cikin 100 ne kawai na tsawon ƙashin damtse ke fitowa daga ƙarshen da ke gwiwa, saura daga sama ne, saboda haka wurin ba ya gyara kansa sosai, balle karkatar gefe. In ya haɗe a karkace, hannu zai lanƙwasa ya yi ciki, haka kuma yaro zai girma da shi sai dai a sake yanka ƙashin a gyara. Tun ran gini ran zane ke nan.

Washegari da safe, kafin a sallame mu, uwarta ta ɗora mata maɓallin riga a kan zanin gado ta ce ta ɗauka da hannun, don ta ga yatsun suna motsi. Auta ta kai babban yatsa da manuniya, suka haɗu a miƙe kamar bakin agwagwa, gaɓoɓin ƙarshe sun ƙi lanƙwasawa, maɓallin ya zame. Ta sake, ya sake zamewa. Uwarta ta dube ni ta ce, “Baban Auta, sun taɓa mata wani abu a ciki.” Ni ma abin da na ɗauka ke nan. Na fita na tare saurayin likitan nan a baranda, na faɗa masa maganganun da yanzu nake jin kunyarsu. Bai ce komai ba, ya je ya ɗauko fayil ya buɗe shafin farko ya sa yatsa. Ranar Talata, ƙarfe 5:40 na yamma, da rubutun hannunsa: ba ta iya yin zobe da yatsu ba. Awa goma sha takwas kafin ƙarfe ya shiga hannunta.

Abin da ya hana ta yin zoben wani reshe ne na jijiyar tsakiyar hannu, shi ke lanƙwasa kan babban yatsa da kan manuniya, kuma shi ya fi yawan buguwa a irin wannan karayar. Ba ya ɗauke da ji, motsi kawai, shi ya sa yarinyar ba ta yi ƙorafin komai ba. Galibi ba tsinkewa yake yi ba, buguwa ce ko jan da ƙashi ya yi masa, kuma yakan dawo da kansa cikin wata biyu zuwa uku. Na ba shi haƙuri. Amma na kuma tambaye shi abin da har yau nake tambaya: ka gani, ka rubuta, babban likita ya karanta, nas ta karanta, me ya hana ɗayanku ya gaya mana? Ya ce bai so ya ƙara mana tashin hankali ba ne. Ni kuwa da an ce mini tun ranar Talata ga abin da faɗuwar ta yi, da na haɗiye shi tare da sauran. Abin da ya kusa sa ni hauka shi ne in gano da kaina bayan tiyata. Cutar sashen nan ke nan in ka tara ta wuri ɗaya: hannayensu sun iya aiki, fayil ɗinsu cike yake, amma bakinsu a rufe.

Takardar sallama ta ƙara tabbatar mini. Kwafi ce ta kwafi, rabin rubutun ya dushe, abin da ake iya karantawa shi ne kada filasta ya jiƙe, a ɗaga hannu, a dawo bayan mako ɗaya. Babu maganar cewa bakin ƙarafan a waje suke a lanƙwashe ƙarƙashin bandeji, babu alamun da za su sa ka dawo da gudu. A dare na biyu a gida yatsun suka kumbura suka yi sumul, ta hana kowa barci, maganin da ya yi mata da rana ya ƙi yi. Lambar wayar da ke ƙasan takardar na kira sau shida, tana ta ringin ba mai ɗauka. Maganar nas ɗin dare ce ta faɗo mini, na ɗauke ta muka koma. A nan kam ba su ɓata lokaci ba. Aka kwance bandejin har ƙasa, aka duba naman hannun aka ga da laushi, aka miƙar da yatsun ba ta yi ihu ba, bugu yana nan. Bandejin ne ya matse, ga shi kuma ta sauke hannun ƙasa tana barci. Aka sake naɗewa, aka riƙe mu awa uku ana dubawa, muka dawo. Da abin ya fi haka, ba takardarsu ce za ta kawo mu ba.

Zuwa asibiti na bayan sallama sai haƙuri. Kowa ƙarfe takwas ake rubuta masa, ka zo ka tarar da mutum arba'in masu ƙarfe takwas. Sau huɗu muka je, likita huɗu daban muka gani, kowanne sai na faro masa labari daga faɗuwar. A kan bencin jiran ne na saba da wani uba da ɗansa, shi ma gwiwa, shi ma ƙarafa, amma aka ce nasa sai ya fi namu daɗewa a filasta. Hoton ɗansa kuwa da kyar za ka ga karayar. Na tambayi likitan ranar, ya ce ta yaron daban ce, ɗan dunƙulen gefen waje ne ya ɓalle, ita ce ta biyu a yawa bayan irin tamu. Layinta yana shiga cikin gaɓar kanta, tana da jinkirin haɗewa, wani lokacin ma ta ƙi haɗewa, shi ya sa in ta goce fiye da milimita 2 ake kafe ta. Milimita 2, kaurin da nake gogewa da sanfefa ban ma lura ba.

Cire ƙarafan aka yi a kwana na 26, bayan hoto ya nuna sabon ƙashi ya fara naɗe wurin kamar gam ya bushe. Na ɗauka za a sake sa ta barci. Ina. A ɗakin filasta aka yi, tana zaune a cinyar uwarta. Dattijon da ke wurin, wanda da gani ya cire dubbai, ya ce mata, “Jikata, ƙirga mini fitilun silin nan, na manta ko nawa ne.” Ta ɗaga kai, ya kama bakin ƙarfen da filaya irin tawa ta shago sai dai tasa a dafe take, ya ɗan murɗa ya zare. Kafin ta kai fitila ta biyar biyu sun fita. A na ukun ta waiwayo ta gani, ta tsala ihu, amma na tsoro ne ya fi yawa, don minti biyu bayan nan tana tambaya ko za a ba ta ƙarafan ta tafi da su. Rami ɗaya ya ɗan yi ja da tsiron nama a bakinsa, aka wanke aka rufe, cikin mako ya bushe, ba mugunya ba zazzaɓi.

Hannun ya fito siriri, fatar tana saɓa, gwiwar ta ƙage ba ta miƙewa ba ta lanƙwasawa sosai. A sana'ata in katako ya tanƙware matse shi ake yi a ɗora masa nauyi, saboda haka na ce ko in riƙa ba ta ƙaramin bokiti da ruwa tana ɗauka. Likitan ya ce kul. Kada a ja, kada a danna, kada a ɗora nauyi, tilastawa kumburi take jawowa gwiwar ta ƙara ƙagewa. A bar ta ta yi wanka da kanta, ta sa riga, ta taje kai, a hana ta hawa sama da tsalle-tsalle na wasu makonni. Ya ce yawancin yara ba sa ma buƙatar gashin ƙashi. Ban so ba, amma na bi, kuma shi ke da gaskiya. Mako shida bayan cire ƙarafa tana taɓa kafaɗarta da yatsu. Zoben kuwa ya dawo a mako na goma da faɗuwa. Ina shago aka aiko mini hoton hannunta a waya, babban yatsa da manuniya sun yi da'ira, maɓalli a tsakani.

In wani uba ya tambaye ni ko ya kai ɗansa can, zan ce ya kai, ba tare da na yi jim ba, don abin da ba ya gyaruwa in an ɓata shi, wato zaman ƙashin da tsaron jinin hannun, sun yi shi yadda ya kamata. Sai dai ya tafi da bakinsa. Ya tambayi abin da aka rubuta bayan wasan yatsu, ya tambayi ƙarfe nawa ne ƙarshen shan ruwa in an ɗaga lokacin aiki, kuma kada ya bar ɗakin sai wani ya lissafa masa alamun dawowa ya rubuta da hannunsa. Na rubuta waɗannan ukun na jefa a akwatin ƙorafinsu, ban ji amsa ba tukuna.

Jiya da daddare na sa ta tsaya ta miƙa hannayen biyu, tafi yana kallon gaba, na tsuguna ina dubawa ta ido ɗaya kamar yadda nake duba ƙafar tebur. Karkatar da gwiwa ke yi zuwa waje iri ɗaya ce hagu da dama. Miƙewar hagun ce ta rage kaɗan, wadda in ba ni ba babu mai lura, kuma an ce tana iya ɗaukar shekara kafin ta cika. Tabo uku ne a gefen gwiwar, ƙanana kamar cizon sauro. Muna da komawa wata mai zuwa, ƙarfe takwas aka rubuta mana.